Hasumiyar da na kai Alhaji ya gani

Tunda labarin ya riga ya isa Fagge, kuma na ji an ƙara masa gishiri har ana cewa wai hawaye na yi, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Ban yi hawaye ba. Wurin tudu ne, iska ake yi, kuma duk wanda ya san idona ya san ba ya shiri da iska.

Kun dai san Alhaji ya zo Paris ganin likita tare da Hajiya, kun kuma san abin da nake nema a gidansa, ba sai na yi bayani ba. Likita ya ce a jira sakamakon gwaji, zaman otal ya ishe shi, sai aka bugo min waya daga can gida aka ce ga dama ta samu, in nuna kaina. Hasumiyar Eiffel ya riga ya gani, ya ce rodi ne aka ɗaure da noti. Na ce to Baba, ni zan kai ka inda za ka ga gini na gaske, na dutse zalla, wanda ya kusa shekara 800 yana tsaye.

Asalin abin wani littafi ne da na saya a kasuwar gwanjon da ake ci a titunan Amiens, yuro biyu, wajen wani dattijo mai sayar da tsofaffin cokula. Bangon ya tafi, shafukan farko ma babu, amma cikinsa lafiya lau: tarihin gidan sarautar Coucy, wani ƙauye a lardin Aisne tsakanin Soissons da Laon, da zane-zanen wata hasumiya mai da'ira wadda littafin ya ce babu kamarta a duk Turai. Tsayi mita 54, faɗi ya haura mita 30, kaurin bangon kawai ya haura mita 7. Na zauna da ƙamus na haddace shi tas. Masu cewa me ya hana ni duba intanet, ina ce ku ne kullum kuke cewa intanet ƙarya ce ta cika ta, a koma wa littafi? To na koma.

Mota kuwa ta Badamagaren nan ce, kun san shi, ba zan kama sunansa ba don kada ya ji daɗi. Shi ke tuƙi, Alhaji a gaba, ni da Hajiya a baya, na maƙale a jikin ƙofa don kunya, littafina a cinya. Muna fita daga Paris na buɗe aji.

Na ba su labarin wanda ya gina wurin, Enguerrand na 3, wanda Alhaji ya mayar Angaran nan take. A shekarun 1220 ya fara ginin, kuma girman kansa ya kai ga gidan nan suna da kirarin da suke yi wa kansu: ni ba sarki ba ne, ba ɗan sarki ba, ba wani hakimi ba, ni ne dai mai Coucy. Alhaji ya ce wannan ya san kansa. Na ce ai Baba ƙarshensa ne abin tausayi, a 1242 yana ƙetare wani ɗan rafi doki ya yi tuntuɓe, ya faɗo, takobinsa ya zare daga kube ya soke shi. Alhaji ya yi salati, ya ce mutum ya tara dutse mita hamsin don kada a kashe shi, ashe makashinsa na rataye a ƙugunsa. Ni kuwa ina jin daɗi, don na lura ya fara kirana Dakta, abin da bai taɓa yi ba, tunda ya san ban gama karatun ba.

Na kawo na ɗansa, Angaran na 4, wanda ya rataye wasu samari uku 'ya'yan manya saboda ya kama su suna farautar zomaye a dajinsa, har Sarkin Faransa Luwi na 9 ya sa aka tsare shi, aka ci shi tara mai nauyi. Na kawo na shugaban gidan ibadar Nogent, da aka ɗora wa sau uku a shekara ya aiko da gaisuwa gidan Coucy a kan doki mai yankakken kunne da yankakkiyar wutsiya, da kwandon soyayyen ƙulli mai niƙaƙƙen nama a ciki guda 120. A nan ne Hajiya ta yi maganarta ta farko tun da muka taso, ta ce Allah sarki matar da za ta soya. Sai na ƙarshensu, Angaran na 7, wanda ya auri 'yar Sarkin Ingila Edward na 3 a 1365, ya tafi yaƙi da Turkawa, Sarki Bayazid ya kama shi a Nicopolis a 1396, ya mutu a tsare a Bursa a shekarar da ta biyo baya. Alhaji ya juyo gaba ɗaya. "Bursa? Ta Turkiyya? Ai can nake saro tawul da labule." Daga nan Angaran ya zama ɗan gida.

Duk wannan abin da ake yi, Badamagaren nan yana tuƙi yana murmushi. Lokaci-lokaci sai ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Dakta, mita nawa ka ce ma?" In ce 54. Ya ce, "Tabɗi. Kuma ana hawa har sama?" In ce akwai matakala a cikin kaurin bangon, in Baba zai iya sai mu hau, ana hango har Laon. Wannan na Laon ɗin ni na ƙara, amma shi ya ja ni. Ya ce, "Ikon Allah. Alhaji yau za ka sha kallo."

Mun isa, ƙauyen na kan tudu, ganuwa ta kewaye shi. Muka shiga ta Ƙofar Laon, mai hasumiyoyi biyu masu kauri a gefe da gefe. Alhaji ya ce a tsaya ya duba, ya ce wannan ce? Na yi dariya irin ta wanda ya sani, na ce haba Baba, wannan ai ƙofar gari ce kawai, 'yar aike ce, bari ka ga uwar gida. Na biya kuɗin shiga na mutum huɗu daga aljihuna, har da na direba. Muka ratsa wani makeken fili mai ciyawa, ina gaba, littafi a buɗe, ina tafiyar jagora.

Tun a filin nan na fara ɗaga kai. Abu mai mita 54 ba ya ɓuya. Na ce a raina wataƙila bishiyoyi ne suka tare. Muka wuce bishiyoyin. Na ce wataƙila hazo ne. Sama garau, har jirgi na hango yana wucewa. Na juya littafin ta wannan gefe, na juya ta wancan, na dubi zanen, na dubi gabana. Ga ramin da aka zana a gaban gidan, ga ragowar bango daidai inda ya kamata, ga wani dogon zaure marar rufi can ciki. Inda hasumiya ya kamata ta kasance kuwa sai wani tulin duwatsu, ƙato, ciyawa ta fito a kansa.

Alhaji ya ce, "Dakta, ina uwar gidan?"

Na ce tana ta baya.

Muka zaga ta baya. Alhaji da ciwon gwiwarsa, Hajiya na riƙe da jakar magani. Ta baya babu komai sai kwari da gonaki, kyakkyawan wuri dai, amma ba shi na yi alkawari ba. Muka dawo gaban tulin nan muka tsaya, mu huɗu, shiru.

Can sai ga wata mata mai yi wa baƙi bayani, ta taho da ayarin tsofaffi, irin 'yan fanshon nan masu takalmin hawan dutse da sanduna bibbiyu. Da na yi haƙuri sun wuce, na je na tambaye ta a gefe, da yanzu ba a san wannan labari a Fagge ba. Amma Alhaji na kallona, kuma ina so ya ji Faransancina. Sai na gyara murya, na ɗaga hannu, na ce da ƙarfi, cikin Faransanci mai kyau wanda ko malamina ba zai samu abin gyarawa ba: Madam, gafara dai, ta ina ake bi a hau babbar hasumiya?

Ta tsaya. Tsofaffin suka tsaya. Wani da ke shan ruwa ya sauke gorarsa. Ta dube ni, ta dubi littafin hannuna, ta sake dubana, tana son ta gane ko wasa nake. Da ta ga ba wasa ba ne sai fuskarta ta yi laushi, irin tausayin da ya fi zagi ciwo. Ta miƙa hannu a hankali ta nuna tulin da nake tsaye a gabansa, wanda har na ɗora ƙafa ɗaya a kan wani dutsensa, ta ce: "Ga ta nan, Malam. Ka ɗan makara da shekara ɗari da wani abu."

Ba su yi dariya nan take ba, kuma wannan ne ya fi min zafi. Sai da aka yi ɗan shiru, wata tsohuwa can baya ta tambayi mijinta me aka ce, shi kuma kurma-kurma ne, ya maimaita mata da ƙarfi, tambayata da amsar duka, har da kwaikwayon yadda na ɗaga hannu. Sannan aka fashe. Ni kuwa ƙafata na nan kan dutsen, na rasa yadda zan sauke ta. In na sauke da sauri an ga na ji kunya, in na bar ta kuma ga ni tsaye a kan abin da nake tambaya.

Alhaji ya ce, "Me ta ce?"

Jama'a, kowa a nan ya taɓa neman aure ko zai nema. Na ce, "Ta ce ana gyara ne, Baba."

Alhaji ya dubi tulin, ya dubi ciyawar da ta yi shekaru a kai, ya ce gyara? Babu ko baro? Na fara haɗa wata maganar a kan yadda Turawa ke gyara a hankali, sai na ji murya daga bayana, a sanyaye, ba tare da an dube ni ba: "Alhaji, cewa ta yi wannan tarin shi ne hasumiyar. Yanzu kuma tana cewa sojan Jamus ne suka tashe ta da nakiya a 1917."

Hajiya ce. Ashe a Maraɗi ta yi firamare, wajen kakarta. Shekara nawa ina zuwa gidan nan gaisuwa, ina durƙusawa, babu wanda ya taɓa gaya min, har da wadda ya kamata ta gaya min, kuma mun yi wannan maganar da ita daga baya, ba ta ƙare da daɗi ba. Sai a lokacin na tuna a gidan mai na ji Hajiya ta yi wa mai kanti godiya da wani lafazi da ya fi nawa, na ɗauka a talabijin ta tsinta.

Daga nan aka sauke ni daga muƙamin tafinta ba tare da takarda ba. Matar na bayani, Hajiya na fassarawa, ni ina riƙe da jakar magani. Wasu abubuwan duk na sani, suna cikin littafina: yadda a 1652 Mazarin, wazirin sarki, ya sa aka lalata gidan don kada 'yan tawaye su sake fakewa a ciki, aka sa albarushi amma hasumiyar ta ƙi faɗuwa, girgizar ƙasa ta 1692 ta tsaga ta, ta dai tsaya, bayan juyin juya halin Faransa aka mayar da wurin ma'ɗebar dutse, kowa na zuwa da amalanke yana ɗiba ya gina gidansa. Alhaji ya ce to ai ko badalar Kano haka aka cinye ta, kowa da kwandonsa. Gwamnati ta karɓi wurin a 1856, maginin nan Viollet-le-Duc ya ɗaure hasumiyar da ɗamarar ƙarfe. Nan littafina ya tsaya, da hasumiya a tsaye da ɗamararta, mutane na zuwa kallo daga ko'ina. Abin da ya biyo baya marubucin bai gani ba, to ni ina zan gani?

A watan Maris na 1917, sojan Jamus da suka riƙe ƙauyen tun 1914 za su ja da baya zuwa sabon layin da suka haƙa, sai suka cusa wa hasumiyar nakiya tan 28, suka tashe ta, suka haɗa da sauran hasumiyoyi huɗu na kusurwa. Har wani babban kwamandansu, Yarima Rupprecht na Bavaria, ya roƙi a bar ta, ba a saurare shi ba. Faransa kuma ta ce kada a sake ginawa, kada a kwashe, a bar tulin yadda yake don kowa ya zo ya ga abin da aka yi.

Alhaji ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Ya ce tan 28, buhun siminti 560 ke nan, saura kaɗan tirela guda. Sai ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi in an buɗe masa injin mota mai kyau, ya ce: "Jamus ke nan. Waziri ya gwada ya kasa, girgizar ƙasa ta kasa. Su rana ɗaya. Shi ya sa ni ban da kayansu ba na sayarwa." Ya ɗaga babban yatsa ya ce Marsandi. A gaban tsofaffin Faransawa, a lardin da yaƙin nan ya niƙe. Badamagaren ya buɗe baki zai fassara musu, na taka masa ƙafa da duk nauyina, kuma wannan ne kaɗai abin da na yi a ranar da nake alfahari da shi.

Bari in tsaya a kan mutumin nan, don shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutu. A wajen fita, matar da ke sayar da tikiti ta gaishe shi gaisuwar sani. Na ce ka san ta ne? Ya ce a'a, kawai dai lokacin da yake aikin kai kaya a Soissons yakan biyo ta nan, kuma ya taɓa rako 'yan ajin ɗansa yawon makaranta. Nan wurin. Wato tun daga Paris, da yake tambayata mita nawa, ya san tulin dutse za mu gani. Na ce don Allah me ya hana ka faɗa min? Ya ce shi direba ne, bai yi digiri ba, ina shi ina gyara wa Dakta. Ya ƙara da cewa Bakano in yana bayani ba a katse shi, haka kakanninsu suka yi mana, sai mun gama kirari su harba igwa. Na san wasa ne tsakaninmu da su tun kaka da kakanni, amma wasa ai yana da wuri, ba a gaban surukai ba. Kuma mutumin nan ba yau ya fara ba. Shi ne wanda zan tafi gida hutu ya ce in riƙe masa ɗan saƙo, ba nauyi, na je na tarar da na'urar ɗumama abinci a kwalinta, na biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi, ya ce Allah ya saka. Shi ne ya ari kwat ɗina ya je bikin wani a Lille, ya dawo da shi yana ƙanshin turaren da ba nawa ba, aljihu ɗaya a farke. Ni ne dai ban yi hankali ba da na sake shiga motarsa, amma motar haya ta mutum huɗu zuwa Aisne, ku tambayi kuɗinta.

Littafin ma bai tsira ba. Matar ta roƙa ta gani, ta buɗe, ta yi ihun murna, ta ce bugun kafin yaƙi ne. Ya bi hannun tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kalli zanen, ya kalli tulin, ya kalle ni. Kurman nan ya ce zai saya, yuro 20. Kafin in yi magana Alhaji ya karɓe littafin daga hannunsa ya rufe, ya ce wa Hajiya ta gaya masa albarka. Aka yi ciniki sosai a gindin tulin, Hajiya na tafinta, Alhaji har da yin kamar zai tafi. A 45 aka daidaita. Ya ninke kuɗin ya miƙa wa Hajiya ta sa a jaka, ya ce min ko ba komai na iya sayen kaya, yuro biyu ta haifi 45. Ban ga ko sisi ba, kuma ba wurin tambaya ba ne.

Da azahar ta yi muka shimfiɗa darduma a gefen inda muka ajiye mota. Na ciro waya zan duba alƙibla, Alhaji ya ce, "Dakta, gabas ɗin ma a littafi ka karanta, ko mu koma mu tambayi matar nan?" Hajiya ta juya baya tana gyara mayafi, kafaɗunta na rawa.

A hanyar dawowa babu wanda ya nemi tarihi. Alhaji ya yi barci tun kafin Soissons. Sakamakon gwajinsa ya fito lafiya, alhamdu lillahi, sun koma, kuma maganar da kuke son ji ba a fasa ba, an dai ce in gama karatun tukuna, da wata irin murya. Badamagaren kuma ya turo min lissafin mai, ya raba shi biyu, wai Alhaji da Hajiya baƙi ne ba sa biya. Na ce ya cire kuɗin tikitin da na biya masa. Ya ce shi bai ce a biya masa ba, ya riga ya taɓa gani. Muna nan a kai.